Tuwon Sauka a Gidan Inna Dije

Jikata Nusaiba ta dawo daga hutun da suka je ita da mijinta a ƙasashen Turai, ta zauna a gefen tabarmata tana nuna mini ɗakunan da suka kwana a cikin waya. Wannan a Faransa, wancan a Italiya, wani kuma a wani gari da sunansa ya ƙi zama a bakina. Ta ce tun suna Kano suka kama su duka, kowane gari da nasa, suna duba mai araha, suna duba mai daɗin kwana, ba su yi magana da kowa ba. Ƙannenta da ke tsaye a kanmu suka ce ai neman masauki yanzu ba aiki ba ne, yatsa ne kawai. Ƙaramarsu, mai bakin nan, ta ce ashe abin da Kaka ta yi shekara da shekaru tana taƙama da shi ke nan.

Ban yi musu ba. Tasu hanyar ban san ta ba, kuma ɗakunan sun yi kyau, Allah ya sani. Na dai tambayi Nusaiba wa ya tarbe su a ƙofa. Ta ce babu kowa, a cikin wani ɗan akwati ake barin makulli. To. Ku matso ku ji nawa, don irin masaukin da na sani ba a shigarsa sai ta hannun mutum.

Ni 'yar koli ce, kolin mata. Allura da zare, kwalli, turaren wuta, sabulun salo, kanwa, tsakiya, jigida, madubi, ɗan kunne, man shafawa. Mazan koli suna baje nasu a kasuwa su jira mai saye. Mu namu cikin gida yake, wurin matan da ba sa fita. Muna saro kaya a Kano, mu tashi daga Gaya mu faɗa Kademi, mu juyo mu haura Ajingi, mu ƙarasa Gafasa, sannan mu kamo hanyar gida. Kowane gari sai mun ɗan zauna, don mace ba ta saye ranar da ta gani. Sai ta juya abu, ta ajiye, ta kwana da shi a rai, ta jira maigida ya fita, sannan ta aiko. Duk wadda za ta yi wannan sana'a, kafin ta iya ciniki sai ta iya kwana a gidan mutane.

Wadda ta koya mini ita ce Goggo Abu, ƙanwar babana. Tun ina yarinya nake ɗaukar mata adudu, wato kwandon nan mai murfi da kaya ke ciki. Na bari da aka yi mini aure, na dawo bayan na aurar da manyan 'ya'yana. Aikin da na fara gani da idon hankali a Kademi ne, shekarar da matar da muke sauka wurinta ta rasu, aka raba gidan, muka rasa inda za mu ajiye kaya. Wani attajirin gyaɗa ya ji labari ya aiko mu zo gidansa. Gida ne na siminti, ɗakin baƙi da katifa, har da labule. Tun a ƙofa Goggo ta ce kada in sauke adudu, don in ya taɓa ƙasa a ɗaki, an sauka ke nan. Ta gaisa da matan gidan, ta nemi ruwan sha, ta bi yarinyar da ido har bakin randa. Ta sha, ta ce za ta kewaya. Ta fito, ta ɗaga gefen katifar kamar mai gyara shimfiɗa, ta mayar. Sannan ta yi godiya mai tsawo, ta sa albarka, ta ce mu je.

A hanya na yi ta gunaguni, wuyana ya ƙage. Sai da muka yi nisa ta ce mini moɗar gidan a ƙasa take zama inda kaji ke bi, ɗinkin katifar kuma baƙi ƙirin da kashin kuɗin cizo. Amma ba wannan ya hana ta ba, don ana wanke moɗa, ana shanya katifa. Abin da ya hana ta zaure ne. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma tun hantsi har la'asar maigidan da mutanensa suna zaune a ciki suna awon gyaɗa. Wace yarinya za a aiko sayen jigida ta ratsa ta tsakiyar maza? Muka sauka a wani ɗan gida mai dangar kara kusa da rijiya, inda duk 'yar da ta zo ɗibar ruwa sai ta leƙo. Ɗakin ƙarami ne, sai mun tanƙwashe ƙafa, amma da za mu tashi da hannu ɗaya na ɗaga adudun. Da na ba Nusaiba wannan sai ta yi dariya, ta ce su ma a Italiya sun kama ɗaki mai araha mai kyau a hoto, ashe can bayan gari yake, abin da suka rage a ɗaki suka ƙarar da shi a mota da ƙafa. Na ce to, kin ɗanɗana.

Ɗaurin kaya ma aiki ne mai zaman kansa. Madubai ake fara jerawa a ƙasan adudu, kowanne tsakanin zane da zane. Kwalaben turare a tsaye cikin ƙaiƙayi, kanwa nesa da sabulu, allurai a gwangwani da ɗan mai saboda tsatsa. Tabarma ta kanki, buta ta kanki, tsintsiya ma ta kanki. Kuna dariya, wai wa ke tafiya da tsintsiya. Baƙuwar da ta farka tana tambayar ina tsintsiyar gida ta riga ta ɗora wa matar gida aiki. Mu kuwa kafin ta idar da sallar asuba tsakar gidanta ya zama fes. Sai gammo, da igiyar shanya, da ƙullin toka da ake barbaɗawa gefen bango saboda cinnaka. Na ƙarshe buhun guzuri, gero a ciki, a samansa kuka da daddawa da ɗan gishiri. Da wannan buhun matafiyi yake zama a gidan mutane ba tare da ya zame musu nauyi ba.

Akwai matar wani malamin allo a Kademin nan da take zuwa kullum ta ɗauki wani madubi mai jan baki, ta duba, ta ajiye, ta sayi allura ta tafi. Ni na ƙosa, na so in ce mata ko ta saya ko ta bar shi ya huta. Goggo ta taka mini ƙafa. Ta ce irin wannan ba a matsa mata, a dai ajiye madubin a inda hannunta zai kai, a kuma tambaye ta lafiyar yara. Ranar da muke naɗe tabarma sai ga ta da zakara a hammata, ta ajiye shi, ta ɗauki madubinta, ba wanda ya yi ciniki. A zaman nan kuwa babu abin da kunne ba ya ji. Za a gaya miki wadda ta yi yaji, da wanda gonarsa ke jingina, da gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Duk wannan a nan yake zama. In kika ɗauki labarin Kademi kika sauke a Ajingi, to badi za ki tarar da ɗakinki an ɗaure akuya a ciki.

Masauki a wurinmu ba da kuɗi ake biyansa ba. Uwar masauki ita ke fara zaɓe in an buɗe adudu, kuma abin da hannunta ya fara taɓawa ba a yi masa ciniki. Matan unguwa suna taruwa a tsakar gidanta, ita ma ta sayar da ƙuli-ƙulinta ko dambunta. Abin da ya fi wannan duka shi ne suna. A ƙauye in aka ce gidan wance ne baƙi ke sauka, an gama yabon gida, akwai hatsi, akwai tsabta, akwai riƙon amana. Da wannan sunan ake neman auren 'ya'yan gidan, da shi ake kiran matar ta raba gardama.

Shi ya sa tuwon sauka yake da nauyi. Ranar da baƙuwa ta iso ba ta kwance bakin buhunta. Abin da za ta ci a ranar daga rumbun gidan zai fito, matar gida ta surfa, ta daka, ta tuƙa da hannunta. Sai an kwana an tashi sannan baƙuwa take auno nata geron ta miƙa, a haɗa tukunya. Na taɓa ganin wata sabuwar shiga ta zaro kwanon gari ranar sauka, da nufin taimako. Matar gidan ta ɗauki adudun baƙuwar ta kai mata zaure, ta dawo ta ci gaba da tankaɗe. A wurinta an ce mata gidanki ba ya iya ciyar da mutum ɗaya.

Haka kuma ba a sauya masauki. Gidan da kika sauka bara shi za ki sauka bana, ko ɗakin ya fara yoyo, ko an gina bene a maƙwabta. In kika wuce ƙofar kika shiga ta gaba, kin yi shela a gari cewa wancan gida ya faɗi. Larai ce kullum take kuka da wannan. 'Yar Goggo Abu ce, taubashiyata, abokiyar wasana, ita ta zama abokiyar tafiyata da ciwon ƙafa ya zaunar da Goggo. Mace ce mai jiki, mai son laushi. Duk gidan da muka wuce ta hango fanka ta taga, sai ta ce mini, baiwa, je ki tambayo ko suna da wurin uwargijiyarki. In ce mata uwargijiyar da ke minshari har awaki na tsinke igiya, wa zai karɓe ta in ba wanda ya saba ba.

Saura saƙo, wanda shi ya ɗinke garuruwan nan wuri ɗaya. Kaza ce ta shigar da mu gidan Tabawa a Ajingi, lokacin da Goggo ta fara miƙa tafiyarmu ta wancan gefen. Uwar masaukinmu ta Kademi ta ɗaure mata ƙafafu ta ce a kai wa ƙawarta. Ni na rungumo ta a bayan akori-kura, a kan buhuna, tana ɓata mini zane, maza na cewa Hajiya ko za a sayar. Da muka yi sallama na ajiye ta a gaban Tabawa na faɗi wadda ta aiko, ba ta tambaye mu ko su waye mu ba, sai ta ɗaga murya ta ce a share ɗakin gabas. Wadda aka ba amanar kaza ta kawo ta da rai, ana iya ba ta ɗaki. Da za mu tashi ita ma ta ba mu ƙullin daddawa zuwa ga yayarta a Gafasa. Saƙo ana ajiye shi tun kafin a sha ruwa. Ba a mayar da shi, don mayar da shi yanke zumunci ne. Kuma ba ya zuwa ya koma babu amsa, ko da ɗan goro ne.

Yayar nan ita ce Inna Dije. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a jigawa da ɗa ɗaya, Sale, wanda ke tafiya ci-rani kudu in an gama girbi, ya dawo in hadari ya fara haɗuwa. Ɗakin baƙinta babu katifa, amma daɓe ne mai sanyi, rijiya na kusa, kuma ban taɓa tashi da cizo a jikina ba. Tuwon saukarta na gero ne da miyar kuka da man shanu, tana tsaye a kanki sai kin cinye. Goggo take kira ƙawa, mu kuma 'ya'yan Abu. Mace ce da ko garwashi ba ta son aikawa a ɗebo mata a maƙwabta.

Ana nan, sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fitar da kai. Ya bushe a tsaye cikin gona, gyaɗa kuma sai ɓawo. Wajen Gaya an ɗan samu, amma gefen Ajingi abin ya fi muni. Da bazara ta kama muka rage kayan ƙawa muka ƙara kanwa da gishiri da allura, don mai yunwa ba ta sayen madubi, amma tana ɗinke tsohon zane. A Kademi ciniki ya koma musaya, a ba ki ƙwai a karɓi sabulu. Muka iso Ajingi ranar kasuwa. Muna sauka a tasha Larai ta hango direban da ke bin hanyar Gafasa, ta yi abin da muka saba yi kullum, ta ce ya gaya wa Inna Dije 'ya'yan Abu na tafe ranar kasuwar Ajingi mai zuwa. Ba laifinta ba ne. Haka ake yi, don a share ɗaki.

Tabawa ta yi mana namu tuwon, na dawa, ba yawa. Mijinta yana ɗan dillancin awaki, shi ya riƙe su. Washegari da hantsi muna jera kaya a faifai, ta zauna kusa da ni ta ce Yaya Dije ta aiko tun kwanaki, wai in mun zo a ce mana ta yi tafiya. Na ce ina ta je. Ta ce babu inda ta je. Rumbu ne ya ƙare, tana rayuwa da kwaɗon zogale da ɗan abin da Sale yake aikowa. Abin da ya rage a gidan mai sunan hatsi shi ne iri, zangarkun geron da mijinta ya bari, waɗanda suke zaɓa kowace kaka su ɗaure su rataya a saman madafa hayaƙi na tsare su. Gero ne mai saurin nuna, ya san jigawar nan, ba a samunsa a kasuwa. Shi Sale zai dawo ya shuka.

Larai ta ajiye madubin da ke hannunta ta faɗi abin da ta gaya wa direba. Tabawa ta ce to an gama. In labari ya shiga unguwa cewa baƙin Dije na tafe, Yaya ba za ta ɓuya ba. Za ta sauko da irin nan ta tuƙa mana shi, ta tsaya a kanmu sai mun cinye.

Muka juya maganar ta kowane gefe. In mun fasa zuwa, unguwa ta riga ta ji muna tafe, za a tambayi dalili, kuma dalilin a fili yake. In mun sauka wani gida, mun yi mata shela. In mun kwance buhu a ƙofarta, za ta kai mana adudu zaure, ta kuma daka irin don mu gani. Larai ta ce mu ce muna azumi. Tabawa ta ce ai mai azumi shi ake yi wa tuwo biyu, na shan ruwa da na sahur.

Sai idona ya faɗa kan buhun guzurinmu da ke jingine a bango. Na ce abu ɗaya ne Inna ba ta da ikon mayarwa. Tabawa ta gane tun ban ƙarasa ba, ta girgiza kai.

"Ba zan ɗora sunana a kan abin da ba nawa ba," in ji ta. "Yaya za ta tambaye ku. Ke ba ki iya ƙarya ba, wannan kuma ta iya amma fuskarta na tona ta."

"To na ba ki," na ce. "Ni da Larai mun ba ki, kyauta, duniya da lahira."

Larai ta ce ita dai ba a tambaye ta ba, amma in baiwa ta yi kyauta da kayan uwargijiyarta sai haƙuri. Tabawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"In na ce zan ci abina fa?"

"Naki ne."

Ta tashi ta ja buhun zuwa bakin ɗakinta. Muna zaune ta ɗebi gero ta surfa, ta daka, ta dama kunu, ta kira jikokinta suka sha a gabanmu, ko tayi ba ta yi mana ba. Da ta lashe ludayi ta ce yanzu ya zama nata. Ta juye sauran a nata buhun, ta ɗinke bakin da hannunta, ta ce mu kai wa Yaya, mu ce tana gaishe ta.

A lokacin mota ba ta bin hanyar sai ranar kasuwa, ga buhu ba ya ɗaukuwa a ka tare da adudu a wannan nisan. Dole muka jira. Ranar kasuwa muka bar cinikin da muka zo dominsa, muka shiga motar farko, muka zauna muna kallon direba yana shan rake yana jiran ta cika. Larai wadda ba ta taɓa gaggawa a rayuwarta ba, ita ce ta sauka tana kira masa fasinja. Sai bayan azahar muka tashi.

Tun daga bakin rijiya muka ji turmi. Ba ƙarar daka ba ce, ta sussuka ce, mai taushi, irin ta zangarniya in ana raba ta da tsaba. Larai ta tattare zane ta yi gaba da buhu a ka, ina biye da adudu.

Muka yi sallama muka shiga. An share tsakar gida, an yayyafa ruwa, ƙofar ɗakin baƙi a buɗe. Inna Dije na tsaye da taɓarya. Ta rame har zanenta ya yi mata yawa. A kan tabarma kusa da ƙafarta ga damin iri, baƙi da hayaƙi, an kwance igiyarsa, an zare kaɗan daga ciki. Wasu maƙwabtanta biyu sun riga sun shigo taya ta tarbar baƙi, suna zaune a inuwa, idonsu na kan damin, bakinsu na kan wata magana.

Ta ce lale da 'ya'yan Abu, ta juya za ta ɗebo ruwa. Larai ta dire buhun a gabanta tun ba ta ɗaga ƙafa ba. Na durƙusa na ce saƙo ne daga Tabawa, tana gaishe ta.

Inna ta daɗe tana kallon ɗinkin bakin buhun. Ta san hannun ƙanwarta. Ta sa aka miƙo mata wuƙa, ta farke, ta tura hannu ta ɗebo, ta murza a tafinta, ta kai hanci. Geron kasuwar Gaya ne, manyan tsaba, duk manomi ya san ba a jigawar Ajingi ya fito ba.

"'Yar Abu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Geron Tabawa ne wannan?"

"Nata ne, Inna," na ce. "A gabanmu ta dama kunu da shi ta sha da jikokinta, ko tayi ba ta yi mana ba."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Larai, ta dubi ƙofa ko akwai mai biyo mu da kaya.

"Ina guzurinku?"

Matan da ke inuwa sun daina tasu maganar. Larai ce ta zube a ƙasa tana fifita da gefen mayafi.

"Babu, Inna. Wannan baiwar tawa ta yi kyauta da shi a hanya, wai neman lada. Bana a kanki muke, safe da rana da dare, kuma kin san cikina. In kin gaji da mu ki kore mu."

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya, ta ce Dije Allah ya ba ki haƙuri, wannan ko rumbu aka ba ta sai ta ga ƙasansa. Ɗayar ta ce ai gidan ya saba. Inna ba ta yi dariya ba. Tana tsaye da gero a tafin hannu, ga buhu a damanta, ga iri a hagunta. In ta ce a mayar, babu mai iya hana ta, kuma kafin magariba irin nan ya zama gari.

Sai ta zuba geron hannunta a buhu, ta karkaɗe tafinta a kai.

"Ba a taɓa korar baƙo a gidan nan ba," ta ce.

Ta sunkuya kan turmi ta kwashe abin da ta riga ta sussuke, ta bakace shi a faifai. Tsabar ba ta cika tafi ba. Ta yage gefen wani tsohon ɗankwali ta ƙulle ta tam, ta miƙo mini.

"Amsar Tabawa. Ki ce mata wannan ba na kunu ba ne. Ta jira ruwa."

Maƙwabciyar da ta fi baki ta nuna damin da haɓa, ta ce ashe har iri aka sauko da shi.

"Ya sha iska, ya isa haka," in ji Inna. "'Yar Abu, tattara shi ki mayar inda yake, kin fi ni tsawo. Ki ɗaure da kyau, Sale ba ya son ya tarar da igiya sako-sako."

Na tattara zangarkun ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka gangara ƙarƙashin tabarma, na ɗaure, na shiga madafa na taka dutsen murhu na rataya su a inda hayaƙi ya bar gurbinsu fari a jikin rufi. Ina can sama na ji ta juye geron Tabawa a turmi, ta yayyafa ruwa. Ta ɗaga taɓarya ta sauke da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba. Maƙwabciyar ta leƙa gida ta ɗauko tata, ɗayar ma haka, suka zagaye turmin suka kama lugude. Daga bayan danga na ji wata na tambayar wata ko lafiya, daka haka a wannan shekara. Aka ce mata lafiya lau, baƙin Dije ne suka sauka.